Bes biyar da guntun katifar Mama

A gidan da muke haya a Jos akwai wani ƙaramin ɗaki kusa da kicin, wanda mai gidan ya gina don ajiye hatsi. Ni jita nake ajiyewa a ciki. Har zuwa bara guda biyar ne rataye a bango, dukkansu bes, wato jita mai kaurin murya, kuma duk daren Asabar sai na shiga na tsaya a gabansu ina tunanin wadda zan ɗauka zuwa sujada da safe. Wani lokaci in zaɓa, in saka a jaka, in kwanta, can tsakar dare in tashi in sauya. Matata ta daɗe da raɗa wa abin suna. Ruwan ido ne, in ji ta. Ban taɓa musa mata ba, sai dai na san daga inda ruwan idon ya samo asali, kuma labarin ke nan da nake so in bayar.

Kafin in san akwai wani abu a duniya da ake kira bes, na san tulun Mama. Duk wanda ya tashi a majami'un Filato ya san yadda zumuntar mata ke kiɗa: masu caki a gefe, masu ƙananan ganguna a tsakiya, sai mace ɗaya zaune da babban tulu tsakanin ƙafafunta tana dukan bakinsa. A ikilisiyarmu mahaifiyata ce wannan macen. Abin dukanta guntun katifa ne da ta naɗe da tsohon zani, ta ɗinke gefensa da baƙin zare, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. In ta kifa shi a bakin tulun sai iskar ciki ta amsa, dum, sauti mai kauri wanda ba ya daɗewa, ya zo ya wuce ya bar wa na gaba wuri. Ina ƙarami nakan zauna a ƙasa in jingina bayana da tulun, in riƙa jin bugun a haƙarƙarina. Mata cike da gaban majami'a suna waƙa suna rausayawa, amma in Mama ta dakata na bugu biyu kawai don ta share gumi, sai ka ga sahun ya fara rikicewa.

Ina ɗan shekara 15 aka fito da wata tsohuwar jita daga sito za a yar. Ja ce, fentinta ya ɓare, babu sunan kowane kamfani a kanta, kunnen ɗaure tsirkiya ɗaya ya karye an maye shi da na wata. Wanda ya hana a yar da ita wani dattijo ne da muke kira Malam. Ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa bes a otal-otal na Jos da Kaduna zamanin da hailaif ke tashe, daga baya ya dawo ya zauna a majami'a. Ya miƙo mini ita ya ce, "Ɗana, riƙe. In ka sa wannan ta yi magana, babu wadda za ta gagare ka."

Wuyanta ya ɗan lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nesa da katako har kana iya zura ɗan ƙaramin yatsa a tsakani. Na yi watanni yatsuna na yin bororo suna fashewa. Kuɗin sababbin tsirkiyoyi kuwa babu, don haka Malam ya koya mini dabarar da makaɗan bes suka daɗe suna yi: a kwance su, a naɗe, a tafasa a ruwa har datti da maiƙon gumi su fita, a shanya su bushe sarai, a mayar. Sukan dawo da murya na mako biyu ko uku. A tukunyar miyar Mama na fara gwadawa. Ta same ni a kai, ta tsaya ta duba, ba ta ce komai ba. Washegari ta ware mini wata tsohuwar tukunya ta ce, "Wannan taka ce, ka bar mini tawa."

Malam bai koya mini karatun kiɗa a takarda ba. Da do, fa, so ya rene ni, kamar yadda ake yi a yawancin majami'unmu, kuma ya ce idona ya zauna a ƙafar mai ganga. Duk lokacin da na fara gudu zuwa ƙananan muryoyin sama don mutane su juyo su dube ni, sai ya kama wuyan hannuna ya ce, "Wa ya aike ka can? Gidanka ƙasa ne." Wannan jitar ita muke kira Tsohuwa a gida har yau.

Na koyi aikin wayarin lantarki, kuma da kuɗin kwangilar farko mai ɗan auki da na samu na hau motar dare zuwa Legas, kasuwar Alaba, inda ake jibge kayan kiɗa sababbi da na hannu. Na wuni ina gwadawa daga shago zuwa shago, janareta na ruri ta ko'ina, har na faɗa kan wata Squier samfurin Jazz, mai launin ƙuna, duhu a baki, rawaya a tsakiya. Squier suna ne da kamfanin Fender ya fara sa wa jita masu sauƙin kuɗi a 1982. Samfurin Jazz kuwa ya fito tun 1960, kuma abin da ya bambanta shi da yayansa samfurin Precision shi ne siririn wuya, inci ɗaya da rabi kacal a can sama, da fikof biyu, wato maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta ya mayar da shi lantarki. Bayan shekarun da na yi ina kokawa da Tsohuwa, da na ɗora hannu a wannan wuyan sai na ji kamar wanda ya sauke kaya daga ka. A motar dawowa ban yarda an sa ta a but ba. A cinyata ta kwana har Jos.

Jazz ɗin ce ta yi mini suna. Muryarta a fili take, tana da wani ɗan gurnani a tsakiya wanda ke ratsa ganga da fiyano ya isa kujerar baya, kuma in aka juya yabo zuwa makosa, inda bes ke gudu ba hutawa, yatsu ba sa gajiya a kanta. Bukukuwan auren da na kaɗa da ita ba zan iya ƙirgawa ba. Tana da halinta. In ka buɗe fikof ɗaya ka rage ɗaya, sai ta kwaso ƙugin lantarkin ɗakin gaba ɗaya, na janareta da na dogayen fitilu. In ka buɗe su daidai wa daida, sai su kashe wa juna ƙugin. Sana'ata ta taimaka a nan. Na buɗe cikinta na liƙe ramin wayoyin da takardar tagulla, na kuma kafa wa majami'a ƙarfen da ke sauke lantarki cikin ƙasa, na gaske, a bayan gini, domin kafin nan akwai Lahadin da tsirkiya ta ja ni har na kusa sakin jitar a gaban jama'a. A ƙungiyar mawaƙa na haɗu da matata, kuma ita wannan muryar ta fara sani kafin ta san sunana.

Da a nan na tsaya, da babu labari. Amma kiɗa ya canza. Samari suka karɓi fiyano, waƙoƙin da suke kawowa na zamani ne, kuma da yawansu a kan muryoyin da ke ƙasa da inda jita mai tsirkiya huɗu ta ƙare. Mafi kaurin tsirkiya a bes na gargajiya ita ce E, tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa. In waƙa ta nemi abin da ke ƙasa da ita, dole ka haura sama ka kaɗa siririyar 'yar uwarta, kuma daidai wurin da ya kamata ƙasa ta girgiza sai a ji fayau. Mai tsirkiya biyar tana ƙara B a ƙasa, mai karkarwa kusan sau 31. Na tara kuɗi na sayi Ibanez, cikin jerin SR da suka fara ƙerawa a 1987, marar nauyi, wuyanta sumul. A lokacin kafaɗata ta hagu ta fara ciwo, domin bes na iya kai kilo 4 ko fiye, kuma sujadar godiya takan ɗauki awa huɗu kana tsaye. Ranar da na fara sauka kan B ɗin nan a majami'a, gilasan taga suka amsa, wata tsohuwa a gaba ta waiwayo ta dafe ƙirji.

Ita ma ta koya mini nata. Tsirkiya ta biyar ba ta yin shiru da kanta. In ba ka kwantar da babban yatsa a kanta ba, tana nan tana gunaguni ƙarƙashin duk abin da kake kaɗawa. Ta yaga mana takardar lasifika ɗaya. Kuma tana cin batir mai bolt 9, wanda ya taɓa mutuwa ana tsakiyar waƙar baiko. Tun daga ranar ban sake fita ba tare da wani a aljihun jaka ba.

Ta huɗu ba zan daɗe a kanta ba. Sterling ce, ƙanwar StingRay ɗin da kamfanin Music Man ya fitar a 1976. Na saye ta ne lokacin da nake samun aikin situdiyo, masu waƙa na neman salon nan na marin tsirkiya da babban yatsa, kuma a wannan fagen babu kamarta a cikin nawa: tsaf, da kaifi, kamar an fasa faranti. Na so ta, amma son da ake yi wa kayan aiki mai kyau.

A tsakanin nan Tsohuwa tana rataye ba mai taɓa ta. Jos tudu ne, sama da mita 1,200, kuma hunturunmu bushewa gare shi ba kaɗan ba. Katako na tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa tare da shi, don haka wata shekara na sauko da ita na tarar bakin ƙarafunan da ke gicciye a wuya, waɗanda muke kira firet, sun leƙo waje kamar haƙoran zarto. Ɗaya ya yanke ni. Duk mai bes a ƙasar nan ya san wannan hidimar: tsirkiyoyi huɗu na jan wuya da ƙarfin da ya fi nauyin buhun siminti, ƙarfen da ke cikin wuyan na ja baya, damina ta zo ta kumbura katako, hunturu ya zo ya tsotse shi, kai kuma kana tsakani da ɗan makulli kana murɗa kwata-kwata sau biyu a shekara. Mai jita biyar aikinsa biyar ne. Na san Jaco Pastorius, makaɗin nan na Amurka, ya cire firet ɗin Jazz ɗinsa ya cike ramukan ya shafe wuyan da abin da ake shafa wa jirgin ruwa. Sai na ɗauki Tsohuwa na kai wa wani kafinta abokina, muka zare ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya, muka cusa siraran ɓawon katako a gurbinsu, muka goge.

Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Goge ba shi da firet, garaya ba ta da shi, kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi ma haka, tsirkiya ɗaya ce a kan sanda sumul. Tsofaffin matanmu in suna rera waƙar Hausa, muryarsu takan zame ta ratsa tsakanin murya da murya, wurin da fiyano ba shi da maɓalli. Shekara da shekaru ina binsu da jita mai firet ina jin kamar ina taka musu zani. Da Tsohuwa, yatsana na iya zamewa tare da su. Jitar da aka so a yar ta dawo ita ce kaɗai ke iya raka iyayenmu yadda suke waƙa.

Ta biyar ban saye ta ba. Bayan rasuwar Malam da 'yan makonni, matarsa ta aiko a kira ni. Ta shiga ɗaki ta fito da jaka ta ce, "Ɗana, ya ce kai za a ba." Fender ce samfurin Precision, ƙirar Meziko, wadda ɗansa ya aiko masa daga waje a ƙarshen rayuwarsa. Wannan samfurin shi ne uban gidan gaba ɗaya. Leo Fender ya fito da shi a Kalifoniya a 1951, lokacin da makaɗa ke fama da ƙatuwar bes ta tsaye wadda ba ta da firet, kuma sunan na nufin daidaito, wato ka danna ka samu muryar cif. A 1957 aka raba fikof ɗinta gida biyu, abin da ya sa ba ta ƙugi. Abin murɗawa biyu ne kawai a jikinta, na ƙarfin sauti da na kaifinsa. Kuma shi Leo Fender ɗin, bayan ya sayar da kamfaninsa a 1965, da hannunsa a zanen StingRay. Uku cikin jita biyar ɗina daga kansa suka fito.

Na kai ta gida na buɗe. Malam ya sa mata tsirkiyoyi masu santsi, irin waɗanda ba sa ƙara in yatsa ya goga, kuma a gindinsu, dab da jakin da suke hawa, ya cusa ɗan siririn soso. Tsohuwar dabara ce. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun fayafayan kamfanin Motown a Ditiroyit, da Precision ta 1962 ya yi aikinsa, da irin waɗannan tsirkiyoyin da ba ya canzawa, da soso a gindi, da yatsa ɗaya. Na jona ta, na ja E. Dum. Sautin ya zo da kauri, bai daɗe ba, ya wuce. Na zauna a kan buhun masara da ke ɗakin na yi kuka, domin tulun Mama na ji, kuma sai a ranar na gane abin da nake bi kasuwa-kasuwa ina nema.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, ga wadda ta fi. Ni ma haka na zata. Na yi wata biyu ita kaɗai nake ɗauka. Amma wuyanta da faɗi, in makosa ta yi zafi hannuna na ƙagewa, kuma in samari suka sauka ƙasa ba ta da inda za ta bi su. Abin da ya fi wannan nauyi, in na rataya ta sai in ji ina kaɗa layukan Malam, da irin dakatawarsa, da irin yadda yake jinkirta bugu kaɗan. Akwai Lahadin da nake bukatar hakan. Akwai kuma wadda zuciyata ba ta iya ɗauka.

Abin ya dame ni har na kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a, ina tambaya ko son abin duniya ne ya kama ni da sunan hidima. Na kuma sami wani dattijon ikilisiya na faɗa masa. Ya tambaye ni ko na taɓa hana iyalina abinci don jita, na ce a'a. Ya tambaya ko zan iya rabuwa da su in bukata ta zo. Na yi shiru, shi ma bai matsa ba.

Bukatar ta zo bara. 'Yarmu ta fari ta samu gurbin karatun jinya, a daidai lokacin da Mama ta kwanta ciwo. Wata rana da dare matata ta same ni a ɗakin ta ce, "Maigida, taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ban ce ka rabu da duka ba. Ka zaɓa."

Na so in yi adalci, don haka na shirya gwaji. Ranar Alhamis bayan an tashi daga koyon waƙa, na kwashe su duka zuwa majami'a, na sa wani yaro da nake koya wa ya zauna bayan labule yana kaɗa waƙa ɗaya da kowacce, ni da matata da mai gangarmu da mai fiyano muna kujerar baya. Mai ganga ya zaɓi ta Malam, ya ce ita ce ke zama a kan ƙafarsa. Mai fiyano ya zaɓi mai biyar. Matata ta gane Jazz ɗin tun bugu na uku. Ni kuwa, da na shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, sau biyu ina kuskuren wacce ce wacce. Daga kujerar baya, a hannun wani, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda nake ji ba. Da na karɓa na rataya da kaina, sai kowacce ta koma duniya dabam: yadda take zama a ciki, yadda katakon ke karkarwa a ƙashin ƙugu, inda take tura yatsu su je. Da Jazz ni saurayi ne mai gudu. Da mai biyar hannuna na zama wuri ɗaya ina tunani kamar mai fiyano. Da Tsohuwa ina sauraro fiye da yadda nake kaɗawa. Ashe zaɓen da ake so in yi tsakanin waɗannan mutanen ne, kuma dukkansu ni ne.

A ƙarshe kasuwa ce ta yanke. Tsohuwa babu mai saye, ta Malam amana ce. Sterling ta tafi cikin kwana uku, ban ji komai sosai ba. Kuɗin bai kai ba. Na sauko da Jazz ɗin na fara goge ta don a ɗauki hoto, sai matata ta dafa jakar ta ce, "Ban da wannan." Haka mai biyar ta tafi, ga wani saurayi daga Bukuru, na haɗa masa da batir biyu na nuna masa yadda zai kwantar da babban yatsa. Yanzu in waƙa ta nemi ƙasa, nakan sassauta E ta sauka zuwa D, in lallaɓa. Ba daidai ba ne da B ɗin nan, kuma ina kewarta duk lokacin da aka zo wurin da gilasai suka saba amsawa. An biya kuɗin makaranta, an sayi magani. Na gode wa Allah da ya sa akwai abin sayarwa.

Mama ta rasu da damina. A wurin jana'izarta zumuntar mata suka yi mata waƙa, wata ce zaune da tulun, ni kuma na raka su da Tsohuwa a hankali. Da aka zo rabon kayanta, 'yan uwana mata suka ɗauki zannuwa da kwanoni. Ni na roƙi abin dukan tulun. Zanin da ta naɗe shi da shi ya cinye a tsakiya, katifar ta yi baƙi ta lotsa daidai zagayen bakin tulu. Na warware ɗinkin gefe ɗaya, na yanki siriri kamar faɗin yatsa biyu, na mayar na ɗinke sauran na ajiye.

Wannan guntun yana shiga ƙarƙashin tsirkiyoyin kowacce cikin ukun da suka rage. A Jazz yana rage mata surutu ya bar gurnanin. A Tsohuwa yana sa zamiyar ta yi gajarta, kamar numfashi. A ta Malam na bar sosonsa inda ya sa shi, nakan cusa na Mama a gefensa.

Asabar ɗin da ta wuce 'yata ta kira daga makaranta, muna cikin hira ta ce, "Baba, wacce za ka ɗauka gobe?" Na ce mata ban sani ba tukuna, zumuntar mata ne ke da waƙar farko, samari kuma ke da yabo. Bayan mun gama na shiga ɗakin na kunna fitila. Na sa Jazz ɗin a jaka, na zuge. Wajen ƙarfe biyu na dare na tashi na fito da ita na sa Tsohuwa, na duba aljihun jakar na tabbata guntun katifar na ciki, na koma na kwanta.